Muhawara kan manhajar kai tsofaffi asibiti a Garwa

Sani Pitowa: Assalamu alaikum. Mahaifina yana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako daga Pitowa zuwa Garwa, kuma jiya mai motar da muka yi alkawari da shi ya kashe wayarsa, sai da na ɗora Baba a babur, na ɗaure shi da rawani a bayana saboda jirin da ke ɗibarsa bayan wankin. Tun da aka fara shirin CSU, wato shirin kiwon lafiya ga kowa na gwamnatin Kamaru, a 2023 kuɗin wankin ya koma sefa 15,000 a shekara, yanzu kuɗin mota ne ke karya mu. Muna bukatar manhajar jigilar marasa lafiya, wadda za a nemi mota tun ana gobe za a tafi, a ga inda direba yake, a haɗa masu rana ɗaya su raba kuɗi, a biya ta Orange Money ko MoMo.

Alhaji Buba: Allah ya ba Malam lafiya. Amma ɗana, ka janye kalmar jigila, domin auduga da buhunan masara ake jigila. Mahaifi raka shi ake yi.

Malama Hadiza: Alhaji, ka gafarce ni, kowace shekara muna jin ana cewa an fara jigilar alhazai daga filin jirgin Garwa, kuma ban taɓa jin wani alhaji ya ce an mai da shi kaya ba.

Alhaji Buba: Alhaji da ƙafarsa yake hawa jirgi. Wanda ake tallafa wa ya shiga mota hakkinsa ne a zaɓa masa kalma mai mutunci, kuma duk wanda ya saba cewa jigila, gobe zai miƙa uban ga direban da bai sani ba ya koma kasuwa.

Usmanu daga Duwala: A nan muna kiran mota da manhajar Yango, kuma babu wanda mutuncinsa ya zube. Masu ƙin abin ba su taɓa gwada shi ba ne.

Hajiya Ladi: Usmanu, ku na Duwala kun iya turo kuɗi ta waya, amma wa ke kwana a kan tabarma a gefen gadon majinyaci, yana ɗaga shi yana juya shi? Mu mata ne, kuma ba a tambaye mu ba kafin a fara wannan zance.

Usmanu daga Duwala: Goggo, ba don kuɗin da muke turowa ba, da ko babur ɗin ba za a hau ba.

Sani Pitowa: Jama'a, ni mota nake nema wa Baba ranar Alhamis.

Malam Isa, mai kula da zaure: Na karanta komai. Yawancinmu sun yarda da Alhaji cewa kalmar ba ta dace da iyaye ba, kuma abin da ya yi aiki a Duwala ba zai yi a ƙauyukanmu ba, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke ɗaukewa, tsofaffi kuma ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa. Na roƙi Malama Hadiza da Usmanu su riƙa sassauta harshe a gaban manya. Duk mai mota da zai bi hanyar Pitowa ranar Alhamis da sassafe ya tuntuɓi Sani kai tsaye.