Dokar hana yawo da bindiga a Albuquerque: in ajiye tawa ko in ci gaba da fita da ita?

Baban Ilham (Talata, 12 ga Satumba, 2023):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kwana huɗu ke nan barci ya gagare ni. Shekarata takwas a Albuquerque, jihar New Mexico ta Amurka. Aikin dare nake yi, ina kai wa mutane abinci gida-gida, wani lokacin har ƙarfe biyu. Bara da hunturu wasu samari biyu suka tare ni a bakin wani gidan haya, ɗaya ya ɗora min bindiga a wuya, suka karɓe waya da jakata. A cikin jakar akwai hoton mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, shi kaɗai gare ni. Na kai rahoto, har yau shiru. Wata uku na yi ba na iya fita daga mota in layi ya yi duhu. Shi ya sa na sayi ƙaramar bindiga, ta hanyar doka.

Ranar Juma'a gwamnarmu, Michelle Lujan Grisham, ta kafa dokar ta-ɓaci: kwana 30 ba mai yawo da bindiga a bainar jama'a a birnin da gundumar Bernalillo, a ɓoye ko a fili, ko da yana da lasisi. Tara tana iya kaiwa dala 5,000. Abin ya biyo bayan harbe yaro ɗan shekara 11 da aka yi a mota, yana dawowa daga kallon wasa. Amma jiya sherif John Allen, shugaban 'yan sandan gundumar, ya ce shi ba zai aiwatar da ita ba, ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Shugaban 'yan sandan birni, Harold Medina, ma ya janye hannunsa. Saura 'yan sandan jiha. Ni kuma intabiyun zama ɗan ƙasa nake jira. Maman Ilham ta ce in kulle ta a gida. Yaya zan yi?

Alhaji na Houston:
Wa alaikumussalam. Ƙanena, ɗauki abinka ka fita neman halalinka. Wannan doka a mace aka haife ta. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Bruen cewa 'yancin riƙe bindiga bai tsaya a ƙofar gida ba, har kan titi ya kai. Gwamna ba ta isa ta goge Gyara na Biyu, sashen kundin tsarin mulkin Amurka da ya ba da 'yancin riƙe makami, da biro ba. An riga an shigar da ƙararraki. Yau ma antoni janar na jiharku, Raúl Torrez, ɗan jam'iyyarta, ya rubuta mata cewa ba zai kare ta a kotu ba. Ranar Lahadi mutane suka yi gangami a unguwar Old Town ta Albuquerque da bindigogi a kafaɗa, wa aka kama?

Hajiya Maman Amir:
Alhaji, waɗancan 'yan ƙasa ne, ga kyamarori a kansu da rana tsaka. Shi baƙar fata ne, baƙo, shi kaɗai da ƙarfe biyun dare. Baban Ilham, kana da lasisin ɗaukarta a ɓoye? Kamfanin da kake kai wa abincin ya yarda? Ka nemi lauyan shige da fice kafin ka sake fita da ita. Ɗana an tsayar da shi kan fitilar mota kawai, sai da muka kashe kuɗin da har yanzu muke biya. Kwana 30 kamar gobe ne.

Baban Ilham:
Hajiya na gode, amma lauya kuɗi ne, haya kuma ba ta jira. Ban saye ta don burga ba. Wanda bai ji sanyin ƙarfe a wuyansa ba ba zai gane ba.

Ɗan Gusau:
Allah Ya kyauta. Ku kuna da kotun da za a kai gwamna. Mu a Zamfara a 2022 Gwamna Matawalle ya ce kowa ya nemi bindiga ya kare kansa daga 'yan bindiga, Janar Irabor, babban hafsan tsaro a lokacin, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Tsakanin maganar su biyun talaka ya rasa ta wa zai bi. Yayana gona biyu ya bari, shekara uku bai noma ba, yanzu a gidana yake da iyalinsa. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake ci.

Malam Abu Sumayya:
Ka karanta dokar da kanka. An bar damar ɗaukar bindiga a kulle cikin akwati ko da makullin kunama, zuwa wurin atisaye ko shagon sayar da ita. Ni dai ina ganin ka koma aikin rana zuwa ƙarshen wata.

Alhaji na Houston:
Bindigar da ke kulle a akwati me za ta tsinana masa in an tare shi? Irin wannan tsoron ne ya sa ake raina mu. Shekarata 26 a ƙasar nan, na san abin da nake faɗa.

Hajiya Maman Amir:
In aka rubuta masa tara, kai za ka zauna masa a intabiyun, Alhaji?

Alhaji na Houston (Laraba):
To ga shi nan. Alƙalin kotun tarayya David Urias ya dakatar da hanin yau ɗin nan. Me na ce muku?

Malam Abu Sumayya:
Dakatarwar wucin gadi ce, za a sake zama a Oktoba. Gwamnar kuma ba ta ce ta haƙura ba.

Baban Ilham:
Na gani. Jiya ban fita ba, na yi asarar dare guda. Maman Ilham ta ce alƙali ko ba alƙali, ita ba ta son ganin bindigar a ƙuguna, ta ɓoye makullin akwatin. Aikin rana kuwa, Malam, ba ya kawo rabin na dare, na gwada.

Hajiya Maman Amir:
Har yanzu ba ka ba ni amsa kan lasisin ba. Kana da shi ko babu?