Tambaya kan tsiron Lithospermum a tsofaffin zane-zanen Turawa

Malamar Zane, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ɗalibai za su kwaikwayi tsohon zanen wani tsiron Turai da Ingilishi ke kira gromwell, masana kuma Lithospermum. Hotuna biyu ne a hannu, duka da wannan suna, amma ɗaya ƙwayarsa fara tas mai sheƙi, ɗayan ruwan ƙasa mai ƙuraje-ƙuraje. Wanne ne na gaskiya? Sannan yaya ake fito da farar ƙwaya a kan farar takarda ba ta ɓace ba?

Ɗan Daura Mai Tsirrai:
Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun na gaskiya ne, tsirrai biyu ne da suka daɗe suna cin suna ɗaya. Masanin tsirrai Linnaeus ya haɗa su ƙarƙashin Lithospermum a 1753. Mai farar ƙwaya shi ne Lithospermum officinale. Mai ƙuraje shi ne Lithospermum arvense, ciyawar gonakin alkama, wanda daga baya aka mayar da shi Buglossoides arvensis, sai dai tsofaffin zane-zane suna nan da tsohon sunan.

Kada ki dogara da fure, don duka biyun furensu ƙanana ne, farare ko ruwan madara, masu leɓe biyar. Ki duba ƙasan shafin, inda mai zane yakan ware sassan tsiron ya faɗaɗa su. Kowane fure yana haifar da ƙwaya har huɗu, ko da yake a officinale sau da yawa ɗaya ko biyu ne ke nuna. Ta officinale ba ta wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar ƙwayar dawa, da tauri da santsi kamar tangaran. Daga nan sunan ya fito: a Girkanci lithos dutse ne, sperma kuma iri. Tsofaffin littattafan magani suna kiransa milium solis, wato geron rana, kuma saboda taurin ƙwayar aka riƙa ba da shi ga mai tsakuwar mafitsara.

In ƙwayar ba ta fito a hoton ba, ganye zai raba gardama. Na officinale jijiyoyin gefe sun fito sosai, na arvense kuwa jijiyar tsakiya kaɗai ake gani. Saiwar ma haka: na farko yana shekaru, saiwarsa da kauri, na biyun shekara ɗaya yake yi, tasa siririya.

Baba Mai Ɗab'i, Ƙofar Soro:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa daidai ne, amma a ƙara da wannan, don launin tsohon zane yana yaudara. A ƙarni na 16, zamanin littafin tsirrai na Leonhart Fuchs na 1542, a kan katako ake sassaƙa hoton, layin gefe kawai, kusan babu inuwa, sannan a bi wasu kwafin da fenti da hannu. Zuwa lokacin James Sowerby a Ingila, wanda ya fara fitar da nasa zane-zanen tsirrai a 1790, an koma zane a kan farantin jan ƙarfe, layi ya yi siriri har gashin kara yana fita ɗaya-ɗaya. Fentin dai har lokacin da hannu ne, shi ya sa kwafi biyu na shafi ɗaya ba sa zama iri ɗaya.

Ga inda ake faɗawa rami: farin fenti na dā da dalma ake yin sa, kuma idan ya daɗe yana shan iska mai ƙibiritu sai ya koma toka ko baƙi. Saboda haka ƙwaya mai duhu a hoto ba lalle ta zama arvense ba. A duba layin gefenta. In ya zagaye sumul, officinale ce da fentinta ya lalace. In yana da tudu da kwari, to arvense ce.

Hajiya Mai Burushi:
Malama, batun farar ƙwaya, kada ki bari su taɓa farin fenti ko kaɗan. Takardar ita ce farin. A samu mai santsi mai kauri, wadda ake kira mai giram 300, a zana ƙwayar da fensir 2H, a faɗaɗa ta sau 8, wato kusan santimita 3, a sa ɗan layin ma'auni a gefe.

A haɗa shuɗi da ruwan ƙasa kaɗan-kaɗan har su ba da toka, a tsinka da ruwa sosai. Baƙi yana kashe sheƙi, a bar shi. Haske ya zo daga hagu ta sama. A bar ɗigo guda ba fenti a wajen, a shafa tokar a gefen dama da burushi lamba 2, a kuma bar siririn haske a can bakin gefen dama, shi ne ke sa ta yi kama da tangaran maimakon ƙwallon auduga. A shafa fentin sau uku ba kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Sauran aikin koren ne zai yi: ƙwayar tana zaune cikin siraran ganyen gindin fure guda biyar, in aka duhunta su sai farin ya taso da kansa.

Da hunturu fenti yana bushewa kafin a laushe gefensa, sai ya bar zobe. A fara jiƙa wurin da ruwa zalla, a riƙe burushi na biyu mai ɗanshi a ɗaya hannun.

Ɗan Daura Mai Tsirrai:
Na manta abu ɗaya. Tsiron ba ya fitowa a ƙasarmu, amma danginsa na nan. Kalkashin ƙorama, Heliotropium indicum, yana bakin fadama da damina, da ganye mai kaushi da furanni a jere gefe ɗaya, kan ya lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Ɗalibai su fara da shi a gabansu, su koyi gashin kara da jijiyar ganye. Don sheƙin ƙwaya kuwa, a ɗora farin dutsen carbi guda a kan koren ganye kusa da taga, a sa su zana shi sau biyar kafin su taɓa hoton.