Haibirid ko ƙaramar mota mai fetur zalla? Ku ba ni shawara kafin in biya kuɗi

Baban Ilham ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san mota ko suka taɓa riƙe haibirid, wato irin motar nan mai haɗa injin fetur da batir. Tsohuwar motata ta gajiyar da ni, duk wata sai mun leƙa gareji, shi ne na sayar da ita na haɗa da ɗan abin da na tara, yanzu motoci biyu ne a gabana kuma wallahi sati biyu kenan na kasa tsayar da magana ɗaya. Dukkansu Corolla ne 'yan 2020, dukkansu na hannu, tafiyar da suka yi ma kusan ɗaya ce, ɗaya haibirid ɗaya fetur zalla. Mai fetur ɗin kuɗina ya isa har da ɗan canji da zan sa sabbin tayoyi in yi mata sabis. Haibirid ɗin kuma ta fi ta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, sai na ranto cikon, in riƙa biya daga albashi.

Yanayin tafiyata kuwa, kilomita 18 ne daga gida zuwa wurin aiki, 18 dawowa, kwana biyar a sati, kuma rabin hanyar gosulo ne, ka matsa kaɗan ka taka birki, wani lokacin minti ashirin ina kallon bayan mota ɗaya. Ga kai yara makaranta da safe. Doguwar tafiya bai fi in yi sau uku ko huɗu a shekara ba. Kuɗin mai shi ne abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, shi ya sa zuciyata take wajen haibirid ɗin, amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce batir, batir, ranar da ya mutu sai ka gwammace ba ka saya ba. Matata ma cewa ta yi kar in ɗauko mana bashi saboda mota. To ni dai ina so in ji daga waɗanda suka gani da idonsu, man da ake cewa tana ragewa ya kai ya biya wannan bambancin? Kuma batirin nan shekara nawa yake yi tsakani da Allah?

Maman Sadik ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Baban Ilham ni shekara huɗu kenan ina tuƙa haibirid kuma irin hanyarka nake bi, cunkoso safe da yamma. Abin da ya fara ba ni mamaki ranar farko shi ne da na tsaya a danja sai na ji motar ta yi tsit, na ɗauka mutuwa ta yi har na kai hannu zan sake tayarwa, ashe injin ne ya kashe kansa, esi na nan yana hurawa abinsa, ana ba mu hannu na ɗaga ƙafa daga birki ta silale ba ƙara ko kaɗan sai da na ɗan ƙara wuta sannan injin ya tashi. To kaga duk wannan tsayuwar da kake yi kana kallon bayan mota, a mota mai fetur zalla injin yana ta shan mai a banza, ita kuma wannan mafi yawan lokacin a kashe yake sai in batirin ya yi ƙasa ya tashi ya ɗan cika shi.

A da duk sati nake shiga gidan mai, yanzu sai in yi kwana goma sha ɗaya ko sha biyu. Kuma ba a jona ta da wuta fa, mutane da yawa suna ɗauka sai an yi mata caji kamar waya, a'a, waccan mai jonawa wata iri ce daban. Wannan da kanta take cika batirinta, da inji da kuma birki. Ni dai batirina har yau bai taɓa nuna min komai ba. Amma zancen bashi kam ina bayan matarka, ka zauna da ita ku yi lissafi tukunna.

Usta Rabi'u Rewaya ya rubuta:

Malam bari in yi maka bayani a matsayina na wanda yake buɗe motocin nan kullum, dan tsoron da ake ba ka akwai gaskiya a ciki akwai kuma jita-jita.

Da farko haibirid ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kan mutane, Toyota ta fito da Prius a Japan tun 1997, Honda ta biyo da Insight a 1999, yanzu ana maganar sama da shekara 25 kenan, kuma masu tasi a manyan biranen duniya sun daɗe suna aiki da su, mai tasi kuwa ba ya riƙe motar da za ta riƙa kwana a gareji. Sannan akwai abubuwan da suke ba mu aiki a mota mai fetur waɗanda a wannan babu su gaba ɗaya. Corolla haibirid ɗin da kake magana ba ta da kik sitata, ba ta da altaneta, ba ta da fan bel, famfon ruwa da kwamfiresan esi duk da lantarki suke aiki. Giyabos ɗinta ma haƙora ne kawai da moto biyu na lantarki, ba bel a ciki ba kuloci. Fad ɗin birki kuma yana daɗewa sosai dan in ka taka birki a hankali moton ne yake riƙe motar yana mayar da ƙarfin cikin batir, sai can ƙarshe fad ɗin yake kamawa.

To amma batir. Gaskiya ne yana da tsada, kuma gaskiya ne yana tsufa, shekaru suna cinsa ko da motar ba ta tafiya, ajiye ta wata da watanni ba a tayarwa ma ya fi yi masa illa fiye da hawa kullum. Babban makiyinsa zafi ne. Yana ƙarƙashin kujerar baya, akwai wata 'yar fanka da take jawo iskar cikin mota tana sanyaya shi, ramin iskar yana nan ƙasa a gefen kujerar. Kwanaki aka kawo min wata, mai ita yana cewa injin ba ya kashe kansa kamar da kuma tana shan mai, na durƙusa na duba ramin nan, wallahi ƙura da gashi da zaren kafet sun toshe matatar kamar an liƙa auduga, ga kuma jakar makarantar yara da suke jinginawa daidai wurin kullum. Na wanke fankar na share matatar, motar ta dawo daidai, amma da ya ƙara shekara a haka da batirin ya dahu. Kai da kake da yara wannan sai ka riƙe shi.

Toyota a Amurka daga motocin 2020 ta ƙara garantin batirin zuwa shekara 10 ko mil 150,000, kusan kilomita 240,000 kenan, kaga kamfani ba zai ba da irin wannan garanti a kan abin da yake mutuwa a shekara biyar ba. Sai dai kar ka ɗauka garantin zai bi motar duk inda ta je a duniya, ka tambaya ka ga takarda. Kuma dan Allah kar ka biya ko sisi sai an jona mata kwamfuta an duba batirin gida-gida, dan ƙananan batura ne da yawa aka jera, in ɗaya ya fara rauni za a ga wutarsa ta bambanta da ta sauran tun kafin fitila ta kama a dashbod. Wasu masu sayarwa suna goge fitilar kafin ka zo, shi ya sa ka tuƙa ta a ƙalla rabin awa, ka hau tudu da ita, sannan a sake jonawa.

Abu na ƙarshe kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, akwai wanda ya iya gyaranta kusa da kai? Wayoyin nan masu kalar ruwan lemo da suke ɗauko wuta daga babban batirin, wutarsu ta haura bolt 200, ba wurin lalube ba ne, tana iya kashe mutum. Ko gas ɗin esi za a ƙara, man kwamfiresanta daban ne, in aka zuba na mota mai fetur an jawo maka aiki. Mai fetur zalla kuwa duk bakaniken da ka tsaya wurinsa ya santa ciki da bai. In babu gwani a inda kake, ni ba zan ce ka saya ba ko da man kyauta take sha.

Abu Yasir ya rubuta:

Usta ya gama magana a ɓangaren gyara, ni bari in kawo lissafi dan a nan ne amsar take. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana gwada motoci tana fitar da shan mansu. Corolla haibirid ta 2020 sun ba ta mil 53 a galan cikin gari, 52 a babbar hanya. Mai fetur zalla mai inji 1.8 da giya otomatik kuma 30 cikin gari, 38 a babbar hanya. In ka mayar da shi lita, a duk kilomita 100 cikin gari haibirid tana shan kamar lita 4.4, ɗayar kuma 7.8, bambanci lita 3.4 kenan. A babbar hanya kuma 4.5 ne da 6.2, bambancin ya dawo 1.7, rabi kenan cif. A zahiri ba lallai ka samu waɗannan lambobin daidai ba, esi da yanayin tuƙi da iskar taya duk suna canza su, amma dai sun isa a yi awo da su.

To yanzu ka duba kilomita nawa kake yi a shekara, ka ninka da bambancin, ka samu litar da za ka rage, ka ninka da kuɗin lita a inda kake, sai ka raba ƙarin kuɗin motar da wannan. Abin da ya fito shi ne shekarun da za ta ɗauka kafin ta mayar maka da kuɗinka. Kuma in bashin yana da wani ƙari ko caji ka sa shi a ciki, mutane suna mantawa da wannan. Ni a ganina in ya fito shekara uku ko huɗu kuma kana da niyyar riƙe motar shekara bakwai ko takwas, saya. In ya fito takwas ko tara, ka bar ta, dan lokacin ne kuma batirin zai fara neman kuɗi, ba ka gama cin riba ba an dawo an karɓe.

Ɗan Hanya ya rubuta:

Ni kam mai fetur zan ce. Aikina doguwar tafiya ne, kilomita 300 ko 400 a rana ba komai ba ne, na hau duka biyun kuma a babbar hanya bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba, dan ba birki kake takawa ba balle batirin ya samu, injin ne yake ta aiki tun daga farko har ƙarshe. Ga shi in ta tsaya maka a inda ba kowa sai dai a ɗauko ta a kan babbar mota. Kuma malam kwanciyar hankalin mutumin da ba a binsa bashi daban ne. Amma na yarda hanyarka ba irin tawa ba ce.

Baban Ilham ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na ƙaru fiye da sati biyun da na yi ina tambayar mutane. Abu Yasir na ɗauko takardun sabis na tsohuwar motar na duba, ashe kusan kilomita 14,000 nake yi a shekara, ni da nake ɗauka bai fi 10,000 ba. Da lissafinka in na ɗauka duka cikin gari ne ya kama lita 476 a shekara, in na rage saboda 'yar doguwar tafiyar da kuma ranakun da hanya take sake sai in ce 400. Mun zauna da maman yara jiya da dare da biro da takarda, ya fito mana shekara huɗu da 'yan watanni, kuma rancen na wurin aiki ne babu ƙari a kansa, wata goma sha takwas za a cire. Ita da kanta ta ce to in dai batirin lafiya lau ne ba ta hana ba, amma in aka ga ko alamar matsala a dawo kan mai fetur ɗin kar a tsaya ja-in-ja.

Na kuma samu wani gareji da ba shi da nisa da wurin aikinmu da suke gyaran haibirid, na je na ga motoci uku a buɗe suna aiki a kai, mai wurin ya yarda zai bi ni ranar Asabar da kwamfutarsa. Usta dan Allah ban da batirin da fankar, me kuma zan ce ya duba?

Usta Rabi'u Rewaya ya rubuta:

Madalla, haka ake yi. Ka ce ya duba ƙaramin batirin nan mai bolt 12, dan tana da shi ita ma, kuma in ya yi rauni motar ba za ta nuna READY ba sam, wato alamar dashbod da take nuna motar ta tashi, sai mutum ya tsorata ya ɗauka babban ne ya mutu alhali ƙaramin ne. Ya duba ruwan sanyaya inbata, wato na'urar da take sarrafa wuta tsakanin batirin da moton lantarki, tankinsa daban yake da na lagireto, ya ga yana motsi in motar tana kunne. Ya ɗaga kafet da kujerar baya ya shinshina, in akwai warin danshi ko tsatsa a ƙasan kujera ko laka a lungu to ruwa ya taɓa shiga motar, haibirid da ta sha ambaliya kuwa ko a rabin kuɗi kar ka karɓa. Ya leƙa ƙasa ya ga tukunyar tace hayaƙi ta salansa tana nan ta asali ba a yanke an yi walda ba, ɓarayi suna son ta haibirid sosai. Sannan ku je da sassafe ka ce kar a tayar da ita kafin ku iso, ka sa hannu a kan bonet ka ji da sanyi, ka saurari yadda injin zai tashi karon farko, in ya yi kakkarwa ko ƙwanƙwasa ka faɗa masa ya bincika. Ita ma mai fetur ɗin a jona mata kwamfutar tunda kun riga kun fito, a duba man giyarta. In kun dawo ka turo mana lambobin da kwamfutar ta nuna na batirin in duba maka.