Sitenles 420 ne, maƙera zan kai ko tanderun lantarki?

Sani Tudun Wada: Salam jama'a. Akwai ƙananan wuƙaƙe da fil-fil guda 40 da na fere wa wani mai fiya wata a Dan Magaji, na wajen da injin ke yanke leda. Kaurinsu bai wuce mili 3 ba. Na farkon da na kai masa ko wata ba su yi ba suka dakushe, yanzu ya ce in ban taurara waɗannan ba Kano zai koma. Wanda ya sayar min da rodin ya ce sitenles mai lamba 420 ne, kuma maganaɗisu na kama shi sosai. In kai maƙera a cikin birni ne, ko in nemi masu tanderun lantarki? Ranar Asabar yake so.

Baban Ummi: Wslm. Sitenles ai ba ya taurara da wuta, kar ka ɓata gawayinka.

Injiniya Samaru: Baban Ummi 304 kake nufi, irin na tukwane da tankin ruwa, shi kam ko ka kwana kana ƙona shi ba zai yi tauri ba. 420 daban ne, akwai kabon a cikinsa. Ana kai shi wajen digiri 1000 na Salshiyos, ya ɗan jima har zafin ya ratsa, a tsoma a mai ko a bar iska ta sanyaya shi tunda siriri ne, sannan a sake gasa shi a wajen 200 na awa biyu don kar ya riƙa fashewa. Kar dai gashi na biyun ya kai 450 zuwa 550, a nan yake yin gautsi kuma ya fi saurin tsatsa. Ka leƙa sashen nazarin ƙarafa na ABU ka tambaya ko suna karɓar aikin waje.

Oga Lawal mai walda: hmm Sani Allah ya raba ka da abin da ya same ni. Wata hajiya mai yin yogot ta ba ni aikin sandunan injin motsa madara, na sayo ƙarfe a hannun wani yaro ya rantse min da Allah irin mai taurara ne, na zuba gawayi na hura har suka yi jawur na tsoma a baƙin mai, suka fito baƙi ƙirin na kwana ina gogewa da samfefa, da na sa magagari sai ga shi yana ci kamar ba a yi komai ba, na ce to ko a haka ne ai za su yi aiki na kai mata. Ba a daɗe ba ta kira ni wai madararta na fitowa da ja-ja, ashe tsatsa ce. Sitenles fa! Ta zubar da madarar ranar gaba ɗaya, mijinta ya zo shago da ɗan sanda, sai da Sarkin unguwarmu ya shiga maganar na biya a hankali. Yaron da ya sayar min kuma cewa ya yi shi bai ce in sa a wuta ba. Har yau in na gan ta a hanyar PZ sai in sauya hannu.

Injiniya Samaru: Oga Lawal 304 aka ba ka. In ya daɗe a zafin 450 zuwa 850 sinadarin kuromiyam ɗin da ke hana shi tsatsa yakan haɗe da kabon, kariyar ta tafi. Da ka gwada maganaɗisu tun a kasuwa, ba ya kama 304 sosai.

Oga Lawal mai walda: Yanzu kuma ka ce laifina ne kenan

Ɗan Kano: Zage-zagi ke nan, an ba ku ƙarfen cokali kuna neman takobi 😂 ku zo Ƙofar Ruwa a koya muku

Baban Ummi: Bakano ka yi shiru, ba da yara ake ba.

Malam Isa Maƙeri: Ni dai tun ina ɗan shekara goma nake bakin zuga-zugi, ba mu san digiri ba, launin wuta muke kallo, kuma fartanya da wuƙar fawa da muka ƙera suna nan suna aiki. Sani ka kawo, dubu biyar zan karɓa duka. Masu takarda in an ce su riƙe awartaki hannu ke rawa.

Injiniya Samaru: Allah ya ƙara girma Baba, ba raini ba ne. Sifirin ɗin mota da kuke ƙera wuƙa da shi a wajen 830 yake so, ja mai haske ya isa. Wannan sai ya wuce nan ya koma ruwan lemo, kuma abu mai mili 3 kafin a ɗaga shi daga gawayi zuwa mai ya huce, wani gefen ya fi wani zafi ya lanƙwashe. Guda 40 ba za su fito iri ɗaya ba.

Malam Isa Maƙeri: Ka taɓa yi da hannunka?

Auwal Muciya: Dubu biyar?? ni a Kaduna dubu talatin da biyar aka caje ni a kan guda goma sha wani abu, wai sai an naɗe su a fallen sitenles saboda kar iska ta ci fatar ƙarfen. Sun fito fes gaskiya.

Baban Ummi: An cuce ka Auwal, ƙanina dubu goma sha biyu ya biya bara.

Auwal Muciya: bara litar dizal nawa take?

Sani Tudun Wada: Jama'a dan Allah, tambayata fa, tunda maganaɗisu na kamawa tabbas 420 ne ko?

Injiniya Samaru: Ba lallai ba, 430 ma yana kamawa kuma ba ya taurara. Ka yanko guntu daga ragowar rodin ka kai wa Baba Isa ya gwada, in magagari ya zame bai ci ba to ya taurara ke nan.

Oga Lawal mai walda: Maganar dizal ɗin nan ita ce maganar. Mu a layinmu tun Lahadi ba mu ga wuta ba amma bil ya zo ba fashi, jiya ƙofar gida ɗaya tal na yi da janareta, ribar duk ta tafi a mai. Ka kai aikinka tanderu a ɗauke wuta yana tsakiyar zafi, wa zai biya ka?

Auwal Muciya: wlh mu an ce mu haɗa kuɗin gyaran taransifoma, sau na biyu kenan, kowane shago dubu uku

Ɗan Kano: Ku sa sola mana

Baban Ummi: Sola ta ja injin walda? kai Bakano wai me kake sayarwa ne ma

Sani Tudun Wada: Baba Isa gobe bayan azahar kana maƙera? Guntu ɗaya kawai zan kawo tukuna. Auwal turo min lambar mutanen Kadunan ta ciki.

Auwal Muciya: Bari in duba, kamar wayar da lambar ke ciki ce aka sace min a Kwangila. Oga Lawal ku nawa aka ce ku biya na taransifomar?