Mahaifinmu ya rasu ana cikin shari'ar gona: kotu za ta yafe mana jinkirin maye gurbinsa?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya shigar da ƙara a Babbar Kotu a nan Zariya kan wata gona da ya saya a hanyar Giwa, kuma an fara jin shaidu ke nan Allah ya yi masa rasuwa. Iyayenmu mata suka shiga takaba, sannan aka samu saɓani tsakanin ɗakuna biyu kan wanda zai tsaya a madadin magada, ga babban yayanmu yana aiki a Fatakwal. Sai da aka fi shekara guda kafin muka koma wajen lauya, inda muka tarar an cire ƙarar daga jerin shari'o'i saboda babu wanda ya bibiye ta. Shin kotu za ta saurari uzurinmu ta sanya sunayenmu a gurbin nasa, ko kuwa mun makara?

Barista daga Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ƙarar gona ba ta mutuwa da mutuwar mai ita, domin haƙƙin mallaka yana komawa ga magada ne, saɓanin ƙarar ɓata suna wadda ake binne ta tare da mai ita. Sai dai kotu ba ta yanke hukunci ga mamaci ko a kansa, shi ya sa dole rayayye ya maye gurbinsa.

Ku fara zuwa wajen magatakardan kotu ku karɓi kwafin umarnin alƙali, ku ga ko cire ƙarar ya yi ko korar ta, domin wadda aka cire ana iya roƙon a dawo da ita. Lauyanku zai shigar da takardar roƙo mai buƙatu uku: ƙarin lokaci, dawo da ƙarar, da maye gurbin marigayin. Nauyin duka yana kan takardar rantsuwar da za ta raka ta. Tun a shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa mai neman ƙarin lokaci sai ya ajiye wa kotu hujjar da za ta dogara da ita. Saboda haka kada ku rubuta cewa kuna cikin jimami kawai ku yi shiru. Ku bi watannin ɗaya bayan ɗaya: ranar rasuwa tare da takardar shaidarta, ranar da aka fita takaba, ranar da dangi suka zauna, da ranar da kuka san an cire ƙarar. Duk watan da kuka tsallake, a nan lauyan abokin shari'arku zai kafa ƙahon zuƙa.

Malama daga Samaru:

Barista, ina da ja a kan wani ɓangare. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma matan marigayi ta shafa, ba 'ya'yansa maza ba, don haka da wuya ta rufe jinkirin da ya haura shekara. Rigimar ɗakuna kuwa, a ganina, uzuri ne mai rauni, tunda magada ne suka jawo ta da hannunsu, alhali shi wanda ake ƙara yana zaune da shari'a a wuyansa bai san matsayinsa ba.

Na yi karatun lauya a Indiya, inda doka ta yanka wa'adi a fili. Dokar ƙayyade lokaci ta 1963 ta ba da kwana 90 a kawo magada, idan suka wuce ƙarar ta faɗi da kanta, sai kuma kwana 60 na roƙon a tashe ta. Bayan haka sai a koma ga sashe na 5, wanda ya ba alƙali damar yafe jinkiri idan an nuna isasshen dalili. Kotunansu kan sassauta wa magadan da ba su ma san mahaifinsu yana da shari'a ba, amma a 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi yafe jinkirin kwana 778 a shari'ar Balwant Singh da Jagdish Singh, saboda bayanin magadan bai gamsar da ita ba. Wannan hukunci ba ya ɗaure kotunanmu, amma tambayar da alƙali zai yi muku ita ce dai: kun san da ƙarar, me ya hana ku motsi?

Barista daga Sabon Gari:

Gaskiyarki Malama, takaba kaɗai ba za ta isa ba. Akwai dai abin da mai tambaya bai faɗa ba, wato ko lauyan Baba ya samu labarin rasuwar a kan lokaci. Idan an sanar da shi, ko ma ya zo gaisuwa ya zauna a tabarmar makoki, amma bai shaida wa kotu ba kuma bai ce wa magada komai ba, wannan babban dalili ne, domin kotunanmu sun daɗe da riƙon cewa ba a hukunta mai ƙara da sakacin lauyansa. Sai dai a rantse a kan abin da ya faru kawai, kada a ƙaga wa lauyan laifin da bai yi ba.

Dattijo daga Ƙofar Doka:

Ɗana, ba sai an gama rabon gado ake tsayar da wakili ba. Ku tara magadan ɗakunan biyu, maza da mata, ku zaɓi mutum ɗaya daga kowane ɗaki, kowa ya sa hannu a takardar amincewa a gaban shaidu, sannan ku tambayi lauya ko kotun za ta buƙaci takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Ku kuma tanadi kuɗi, domin ko alƙali ya karɓi roƙonku, yana iya umartar ku biya abokin shari'arku kuɗin ɗawainiyar da kuka jawo masa. Shaidun da suka ga cinikin gonar nan ma sa'o'in mahaifinku ne, don haka ku je ku duba waɗanda suka rage a cikinsu tun kafin a sa ranar zama.