Neman shawara: na rasa inda rubutuna ya dosa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, wajen Ƙofar Kuyambana. Shekara biyu ke nan ina rubuce-rubuce, amma har yanzu ban san inda na dosa ba. Yau siyasa, gobe tsadar masara, jibi ƙwallo. In na sake karanta abin da na rubuta, sai in ji kamar mai karanta labarai a rediyo ne ke magana, ba ni ba. Sau ɗaya kawai raina ya kwanta, ranar da na rubuta yadda mahaifina ke zama a zaure yana ɗinkin aska takwas a babbar riga, tun hantsi har la'asar. Tsorona kada in tsaya a kan wannan, bayan mako uku zance ya ƙare. Don Allah ku taimaka mini da shawara.

Wani malamin makaranta daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ai ka riga ka ba kanka amsa. Masu rubutun siyasa sun yi yawa, amma wa zai zauna kusa da Baba ya ji sunayen zane, ya san kwana nawa riga ɗaya ke ci, wa ke zana ta, wa ke buga ta a mabuga? Kai kaɗai ke da wannan zauren. Batun ƙarewar zance kuwa, ka kwantar da hankalinka. Daga ɗinki za ka faɗa wajen magina, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830. Daga nan sai ƙofofin ganuwa, kowace da labarinta. Shekara goma ba za ta ishe ka ba.

Wata 'yar uwa daga Samaru:
Malam, ni maganar muryar ce ta dame ni. Ka daina gyara Hausarka ta koma ta jarida. Kafin ka ɗauki alƙalami, ka ba Mama labarin da baki, ka ɗauki muryarka a waya, sannan ka saurara. Yadda ka faɗa mata, haka za ka rubuta. In Zazzaganci ya fito, bar shi, naka ne.

Wani dattijo daga Sabon Gari:
Yaro, ban yarda ka watsar da sauran gaba ɗaya ba. Tsadar rayuwa tana nan cikin kuɗin zare da shadda, tana nan cikin yaran da suka ajiye allura suka koma keken ɗinki na zamani ko acaɓa. Ka shiga ta ƙofar ɗinkin, za ka tarar da ita. Kuma ka tuna a garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, rubutu da Hausa ba baƙo ba ne a wurinmu. Abu guda: kada ka sa sunan kowa ko hotonsa sai ka nemi izini, musamman manya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na gaya wa Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce in zo ranar Asabar da littafina, zai fara mini daga wanda ya koya masa riƙon allura.