Tsabar kuɗin Rumawa: jari ce ko sha'awa?

Alhaji Babba: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan maganata ta jiya: tsohuwar tsabar Rumawa ba ta faɗuwa. Masu buga ta sun shuɗe fiye da shekara 1,500, ba mai ƙara ko ɗaya, masu nema kuwa kullum ƙaruwa suke. Ku dubi ta zinaren nan da Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Kaisar shugaban Rumawa, ya buga shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai hoton wuƙaƙe biyu, ta murnar kashe Kaisar. A 2020 an sayar da ita a Landan fam miliyan 3.24.

Malam na Tarihi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yanke labarin a inda ya yi maka daɗi. A 2023 hukumomin New York sun kama dillalin, an gano takardun asalin tsabar na jabu ne, aka miƙa ta ga ƙasar Girka. Wanda ya zuba miliyoyin sai da ya sallama ta.

Alhaji Babba: Wannan ai laifin dillali ne, ba na tsaba ba.

Malam na Tarihi: To mu bar ta. Batun "ba mai ƙarawa" ma akwai gyara, don ƙasa tana ƙarawa. A 2010 wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya tono tulu guda a wata gona kusa da Frome, a Ingila. Tsaba 52,503 a ciki. An yi wa duka kuɗi fam 320,250. Raba ka gani, ɗaya ba ta wuce fam 6 da 'yan kai ba.

Hajiya Mai Gwal: Malam, fam 6? Abin da ya shekara 1,700? Ashe tsufa ba ya sayar da kaya.

Malam na Tarihi: Hajiya, tun a hannun masu ita ta zube. Dinarin Sarki Agustus kusan azurfa ce zalla. Sarki Niro ya fara rage ta a shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), na bayansa suka bi sahu. Kafin a kai 270, abin da ake biyan soja da shi tagulla ce aka yi wa wankan azurfa, azurfar ko kashi 5 cikin ɗari ba ta kai ba. Irinta ce ta cika tulun nan. Kalmar dinari ma daga wajensu Larabawa suka aro ta, mu kuma muka karɓa.

Hajiya Mai Gwal: Mu a kasuwa wannan sunansa wanke. Ba na ko ɗora shi a sikeli.

Ɗan Birmingham: Ku bar ni in ba ku nawa. Na sayi ta tagulla mai hoton kan Sarki Kustantin, ƙarama kamar maɓallin riga, ta yi kore shar. Na ce bari in gyara ta, na sa lemun tsami da toka na dirje har ta yi ja tana ƙyalli. Da na kai wa mai shago ya juya ta sau biyu, ya turo min ita kan tebur. Ashe wannan koren shi ake saye. Na wanke kuɗina da hannuna.

Alhaji Babba: Kai ɗana, ganganci ka yi. Amma ka ga maganata ta fito: mai kyau, wadda ba a taɓa ba, mai takarda, tana hawa.

Ɗan Birmingham: Baba, tana iya hawa, amma ka lissafa la'ada. A gidan gwanjo mai saye yana ɗora kusan kashi 20 kan farashi, ranar da ya tashi sayarwa a sake yankar wani abu. Sai ta hau sosai kafin uwar kuɗi ta dawo.

Hajiya Mai Gwal: Ni warwarona yau na kai, yau zan karɓi kuɗina. Taku sai an jira mai so.

Alhaji Babba: Daga "ba ta faɗuwa" na koma "mai kyau ba ta cika faɗuwa ba". Iyakar sassaucin da zan yi ke nan.

Malam na Tarihi: Mun karɓa, Alhaji. Amma wacce ka saya ne kake ta kare ta haka?

Alhaji Babba: Tukuna. Ɗana, mai shagon nan naka yana ba da takarda?